GADON AMALANKE YA RUƁE: DA ME ZA A SAKE SHI?

Amalanke babbar dukiya ce ga manomi. Da shi ake kai taki gona. Da shi ake kwaso damman hatsi da kaka. Shi ke ɗauko ruwa daga rijiya, shi ke kai buhunan wake kasuwa. Idan ciwo ya kama mutum da dare, ko naƙuda ta zo ma mace da gardama, sau da yawa amalanke ne ke kai su gidan likita.

Amalanke ya yaɗu cikin karkarar Nijar a shekarun 1970 da 1980. A lokacin, ma'aikatu irin su ACREMA ta Tawa, da UCOMA ta Damagaram, da CDARMA ta Doso suna ƙera shi, manoma kuma suna samun shi bashi ta hanyar ƙungiyoyin haɗin kai. Yau masu walda na birane da na manyan kasuwanni suna ƙera shi.

Ƙarfen amalanke yana daɗewa. Abin da ke riga mutuwa shi ne gadonsa, wato shimfiɗar da ake aza kaya bisa. Idan gado ya ruɓe, mai amalanke yana da zaɓi: katako ko ƙarfe. Kowane yana da amfaninsa, kowane yana da aibinsa. Wannan bayani ya shafi amalanken jaki da na shanu. Ya shafi kuma tirelar da tarakta ke ja, da bayan babur mai ƙafa uku.

ABUBUWA 4 DA KE KASHE GADON AMALANKE

Na ɗaya, rana da iska. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Da ɗari kuma iskar hunturu tana busar da kome. Katako yana tsukewa, ya tsage, ya lanƙwashe.

Na biyu, ruwa. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama yana dukan amalanke. Katako ya sha ruwa ya kumbura, rana ta fito ya sake tsukewa. Wannan kumbura da tsukewa ita ke sa ƙusoshi su yi sako-sako. Inda ruwa ya kwanta kuma, katako yana ruɓewa, ƙarfe yana tsatsa.

Na uku, gara da ƙwarin da ke huda itace. Gara tana hawa daga ƙasa. Tana cin katako ta ciki, ta bar bayansa kamar lafiya lau.

Na huɗu, kayan da ake ɗauka. Ɗanyen taki yana riƙe laima. Takin zamani, da gishiri, da kanwa suna cin ƙarfe da sauri idan sun jiƙe. Tano cike da ruwa ya fi kilo 200, kuma duk nauyinsa bisa ɗan siririn bakin gindinsa yake.

YAUSHE YA KAMATA A SAKE GADO?

Kada a jira sai ƙafar yaro ta zurma, ko tano ya faɗi bisa hanya. Mai amalanke ya sami ƙusa babba ko tsinin wuƙa. Ya soka ma katako ta ƙasa, kusa da inda aka ɗaure shi da ƙarfe. Idan tsinin ya shige da sauƙi, katakon ya mutu. Idan ya ƙwanƙwasa ya ji amo kamar na ganga, gara ta gama da cikinsa. Idan gari yana zubowa daga ƙananan huji, ƙwari sun shiga.

Idan katako 1 ko 2 ne suka lalace, su kaɗai za a sake. Idan sun kai rabi, gara a sake duka.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama jidar amfanin gona. Kuɗi suna hannu, katako ya bushe, kuma amalanke zai shirya kafin aikin kai taki da bazara.

KATAKON KASUWA

Katakon da ake sayarwa a kasuwa daga ƙasashen kudu ake kawo shi, irin su Najeriya, Bene, Gana da Kwaddibuwa. Kafintoci sun raba shi gida biyu: fari da ja.

Farin katako ba shi da nauyi, ba shi da tsada, yana da sauƙin aiki. Amma ba ya jure ruwa. Gara da ƙwari suna son shi ƙwarai. Ya dace da kayan cikin ɗaki. Bisa amalanken da ke kwana waje, ba ya daɗewa.

Jan katako ya fi nauyi, ya fi ƙarfi, ya fi tsada. Ya fi jure ruwa da gara. Shi ne ya dace da gadon amalanke. Kaurinsa ya kai santimetir 3 ga amalanken shanu. Ga na jaki, santimetir 2 da rabi ya isa, idan ƙarafan da ke ƙarƙashi suna kusa da juna.

Mai saye ya buɗe ido, don ba kowane jan katako ne mai kyau ba. Ga abin da zai duba:

1. Launi. Zuciyar itace ita ce mai duhu, ita ce mai ƙarfi. Farin gefen da ke kusa da ɓawo shi gara ke fara ci. A guji katakon da farin gefe ya yi ma yawa.

2. Bushewa. Ɗanyen katako yana da nauyi fiye da kima, yana da sanyi a hannu. Idan aka ɗaura shi ɗanye, zai tsuke ya bar manyan kafofi.

3. Miƙewa. A ɗaga bakin katako, a duba tsawonsa da ido ɗaya. A bar wanda ya karkace.

4. Tsaga da ido. Inda reshe ya fito, nan katako ke karyewa. A bar mai manyan idanu, da mai tsaga a baki, da mai huji.

Akwai kuma katakon manne, wanda ake yin kabad da rufin cikin ɗaki da shi. Siraran falle-falle ne aka manna da gam. Yana da faɗi, yana da santsi, shi ya sa wasu ke sha'awar shi. Amma ruwa yana shiga ta gefensa, gam ya saki, falle-fallen su rabu. Akwai irin da aka yi don ruwa, sai dai yana da tsada, kuma da wuya a gane shi da ido. Araha ba ta ado.

ITATUWAN GIDA

Bedi, wanda ake kira dogon yaro, yana cikin kowane gari. Zuciyarsa ja ce, kuma ƙwari ba su cika son ta ba. Babban bedi da aka tsaga da kyau yana yin gado mai ƙarko. Aibinsa shi ne katakonsa yakan zo gajere.

Turare yana da ƙarfi, amma yana tsagewa da murɗewa wajen bushewa. Ya fi kyau ga sanduna da dirkoki.

Gawo yana da taushi, ƙwari suna cin shi da sauri. Amfaninsa yana gona, inda yake ƙara ma ƙasa albarka, ya ba dabbobi abinci.

Azarar giginya tana jure gara shekara da shekaru. Baƙin bayanta ne mai ƙarfi, cikinta ba ya da ƙarko. Amma tana da nauyi, kuma tsinin zarenta yana yage buhu, ya soki mai zama.

A kula da wannan: doka ta kare giginya, da goriba, da gawo, da maɗaci, da aduwa tun dokar daji ta 1974. An sake dokar daji a 2004, kuma har yau ba a saran irin waɗannan itatuwa sai da izini. Wanda ke son sare itace, ko na gonarsa ne, ya fara zuwa wajen ma'aikatan gandun daji.

Wanda ya tsaga itacen gida kada ya yi gaggawa. Ya jera katakon cikin inuwa, bisa duwatsu, kada ya taɓa ƙasa. Ya sa ƴan sanduna tsakanin kowane jeri don iska ta ratsa. Ya aza abu mai nauyi bisa. Ya bar shi wata 2 ko 3 na rani.

ƘARFE

Baƙin tol shi ne falle na ƙarfe da masu walda ke aiki da shi. Sau da yawa falle ɗaya yana da tsawon metir 2 da faɗin metir 1. Gara ba ta cin shi. Rana ba ta tsaga shi. Ba shi da kafofi, saboda haka rairayi da taki ba su zubewa. Don gadon amalanke, kaurinsa ya kai milimetir 2. Wanda bai kai haka ba yana lotsawa, ruwa ya kwanta cikin lotson, tsatsa ta huda shi.

Maƙiyin tol shi ne tsatsa. Dole a shafa mashi fentin hana tsatsa sama da ƙasa, a sake shafawa duk inda ya goge.

Tol yana da wasu aibobi. Da tsakar rana yana zafi har ya ƙona fata. Yana da santsi: buhu da tano suna zamewa, tunkiya ko akuya ba ta iya tsayuwa. Akwai tol mai zane-zane a baya wanda ya rage santsi, amma ya fi tsada. Wanda zai ɗauki mutane ko dabbobi bisa tol ya shimfiɗa tabarma, ko zana, ko ciyawa.

Wasu suna tsaga tsohon tano su buɗe shi. Tano ɗaya yana ba da falle mai tsawon kusan metir 1 da santimetir 80, faɗi kusan santimetir 85. Kaurinsa wajen milimetir 1 ne kawai. Shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyi. Ana iya shimfiɗa shi bisa katako, amma laima tana ɓuya tsakaninsu, katakon ya ruɓe ba a gani ba.

Aikin tano yana da haɗari guda 2. Tanon da aka zuba ma fetur ko wani mai yana riƙe tururin man, ko da ya daɗe babu kome ciki. Idan wutar walda ko tartsatsi ya taɓa shi, yana iya fashewa ya kashe mutum. Tanon da aka zuba ma maganin ƙwari kuma ba ya wankuwa sarai. Ba a aza abinci ko mutane bisa irin wannan ƙarfe.

Kwanon rufi ba ya saurin tsatsa, don an shafe shi da ruwan tutiya. Amma ya cika siriri, ba ya yin gado. Akwai tol mai kauri da aka shafe da tutiya. Yana daɗewa, sai dai hayaƙin waldarsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Mai walda ya yi aikin a fili, inda iska ke kaɗawa.

Alminiyom ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, kuma nauyinsa kashi 1 ne cikin 3 na ƙarfe. Amma yana da tsada, kanwa tana cin shi, kuma injin walda na yau da kullum ba ya kama shi.

LISSAFIN NAUYI

Amalanken jaki an yi shi don ya ɗauki wajen kilo 500. Na shanu wajen kilo 1000, wato tan 1. Duk kilon da aka ƙara ma gado, dabba ce za ta ja shi kullum, ko da kaya ko babu.

A ɗauki gado mai tsawon metir 2 da faɗin metir 1 da rabi. Girmansa ya zama:

2 × 1,5 = metir murabba'i 3

Metir murabba'i 1 shi ne fili mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1. Ga nauyin kowane abu, kusan-kusan:

Farin katako mai kaurin santimetir 3: kilo 12 × 3 = kilo 36
Jan katako mai kaurin santimetir 3: kilo 20 × 3 = kilo 60
Tol mai kaurin milimetir 2: kilo 16 × 3 = kilo 48
Tol mai kaurin milimetir 3: kilo 24 × 3 = kilo 72

Lissafi ya nuna tol na milimetir 2 bai kai jan katako nauyi ba. Amma tol yana bukatar ƙarin ƙarafan gicciye a ƙarƙashi, su ma suna da nasu nauyi. Tol na milimetir 3 ya dace da tirelar tarakta. Ga jaki ya yi yawa.

LISSAFIN KUƊI

Farashi yana sakewa daga kasuwa zuwa kasuwa. Abin da mai amalanke zai yi shi ne ya raba kuɗin da yawan shekarun da abin zai yi. Ga misali kawai, don koyon lissafin.

A ce gadon farin katako ya ci jika 16, ya yi shekara 2.
16 ÷ 2 = jika 8 kowace shekara.

A ce gadon jan katako ya ci jika 30, ya yi shekara 6.
30 ÷ 6 = jika 5 kowace shekara.

A ranar saye, farin katako ne mai araha. Cikin shekara 6 kuwa, mai farin katako zai sake gado sau 3, ya kashe jika 48, ban da ladan kafinta. Kowa ya tambayi farashin kasuwarsa. Ya tambayi masu amalanke na garinsa shekara nawa nasu gado ya yi. Sannan ya yi nasa lissafi.

KOWA DA IRIN AIKINSA

Mai ɗaukar hatsi, da kara, da ciyawa, da mutane, da dabbobi: jan katako ko bedi ya fi mashi. Ba ya zafi, ba ya santsi, kuma idan guda ya karye shi kaɗai za a sake.

Mai jidar rairayi, da tsakuwa, da tubali: tol ya fi mashi, don shebur da duwatsu suna cinye katako.

Mai ɗaukar kanwa, ko gishiri, ko takin zamani: katako ya fi mashi. Ya shimfiɗa leda ko tsohon buhu, don kada abin ya zuba bisa ƙarafan ƙasa.

Mai sayar da ruwa: amalankensa kullum jiƙe yake. Jan katako mai kauri, da kafofi tsakani don ruwa ya wuce, ya fi mashi. Ya sa ƙarfen gicciye daidai inda gindin tano ke zama.

YADDA AKE ƊAURA SABON GADO

Da farko a cire tsohon gado duka. A kankare tsatsar ƙarafan ƙasa da burushin waya. Ƙarfen da tsatsa ta cinye, mai walda ya sake shi. A shafa fenti, a bari ya bushe. Sabon katako bisa ruɓaɓɓen ƙarfe asarar kuɗi ce.

Ƙarafan gicciye kada su yi nisa da juna. Santimetir 40 zuwa 50 ya isa ga katako. Ga tol, a matso da su fiye da haka.

Katako mai faɗi da yawa ya fi saurin lanƙwashewa. Idan an sayi mai faɗin santimetir 30, kafinta ya raba shi biyu. Gado mai faɗin santimetir 150 zai ci katako 10 masu faɗin santimetir 15.

Idan da rani ake aikin, a bar kafa ta rabin santimetir tsakanin katako da katako. Da damana katakon zai kumbura. Idan babu kafa, zai tura ɗan'uwansa ya tashi sama. Ta wannan kafa kuma ruwa ke zurarewa.

A ɗaure katako da ƙusa mai noti, wadda kanta ke da santsi, don kada ta yage buhu. A fara huda katako kafin a sa ta. Hujin ya yi nisan santimetir 3 ko 4 daga baki, don kada katakon ya tsage.

Kafin a ɗaura, a shafe katako da fentin mai, sama da ƙasa da gefe. A ba bakunan biyu ƙarfi, don ta nan ruwa ya fi shiga. Mutane da yawa suna shafa baƙin man mota don korar gara. Wannan mai yana da guba. Idan za a yi amfani da shi, a shafa ta ƙasa kawai, inda abinci da jikin mutum ba su taɓawa. Kada a shafa da hannu tsirara. Kada a zubar da sauransa kusa da rijiya. Katakon da ya sha mai ko fenti kuma ba a hura wutar tuwo da shi.

Idan tol ne, a huda ƙananan huji a kusurwoyi 4 don ruwa ya fita. A lanƙwasa bakinsa ko a goge kaifin, don kada ya yanki yara.

Bayan an gama, a ɗaga hannun amalanke a ji. Nauyi ya zauna bisa tayoyi, ya ɗan rinjaya gaba kaɗan. Idan gaba ya yi nauyi da yawa, bayan jaki ko wuyan sa zai yi miki. Idan baya ya rinjaya, amalanke zai riƙa ɗaga dabba.

KIYAYEWA

Rigakafi ya fi magani. A yi ma amalanke rumfa, ko a ajiye shi cikin inuwa. A karkata shi kaɗan don ruwa ya zurare. Kada a bar shi kusa da suri. Kada hannunsa ko katakonsa ya daɗe bisa ƙasa. A tokare shi da dutse. A share gado duk ranar da aka ɗauki taki, ko kanwa, ko takin zamani. A ɗaure notin da ya saki bayan wata 1 da sa sabon gado, sannan kowane rani. A sake fenti sau 1 a shekara, kafin ruwan farko.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A CIBIYAR YAƘI DA JAHILCI

1. Waɗanne abubuwa 4 ne ke kashe gadon amalanke?
2. Don me ake barin kafa tsakanin katako da katako?
3. Mene ne haɗarin tsaga tanon fetur da wuta?
4. Gadon amalanken jaki yana da tsawon metir 2 da faɗin metir 1. Kilo nawa zai yi idan an sa jan katako mai kaurin santimetir 3? Kilo nawa idan an sa tol na milimetir 2?
5. Gado ya ci jika 28, ya yi shekara 7. Jika nawa ke nan kowace shekara?